Me za a faɗa wa mai sayen ruwa da jarka a Ranar Ruwa ta Duniya?

Tambaya daga wata malamar sakandare a cikin garin Sakkwato: "Assalamu alaikum, Baba Injiniya. An ɗora mini shirya taron Ranar Ruwa ta Duniya a makarantarmu, aka ba ni takardu masu cewa a rufe famfo lokacin goge baki, a rage daɗewa a wanka. Amma yawancin ɗalibaina a hannun 'yan ga-ruwa gidajensu ke saye. Kunya nake ji in ce musu su yi tattali. Shin wannan wayar da kai da duniya ke yi ta shafe mu, ko maganar ƙasashen da ruwa ya wadace su ce? In ta shafe mu, me zan gaya wa yaran?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi tunani kafin ki tsaya gaban yara.

Kunyar nan da kike ji tana da hujja. Yarinyar da ta tashi tana ganin mahaifiyarta ta wanke shinkafa ta ba akuya ruwan, ta ɗauraye kwanoni ta yayyafa ragowar a tsakar gida don ƙura ta kwanta, ba ta jiran takarda ta koya mata darajar ruwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a yini domin sha, girki, wanka, wanki da tsafta, wato jarka biyu zuwa huɗu, irin mai cin lita 25, ga kowane kai. Ki ƙirga mutanen gida ɗaya a Mabera ko Gidan Igwai, ki ƙirga jarkokin da maigidan ke iya saye a tsakiyar bazara, za ki tarar gidaje da yawa ba su kai ko ƙaramin ma'aunin ba. Irin wannan gida ƙari yake buƙata. In aka matsa masa ya rage, wanke hannu ne zai fara tafiya, daga nan kuma sai asibiti.

Don haka takardun nan ki ajiye su gefe, an rubuta su ne domin gidajen da famfo ke zuwa dare da rana. Amma maganar kanta ta shafe mu, ta ma fi shafar mu a kan waɗanda suka rubuta takardun. Na shafe sama da shekara 30 ina aikin ruwa a kwarin Rima, daga auna rijiyoyi har shimfiɗa magudanan ban-ruwa, kuma abin da na tabbatar wa kaina shi ne asarar da muke yi tana wuri biyu: ruwan damina da muke bari ya wuce mu, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da muke zuƙa ba wanda ke ƙirgawa. Butar talaka ba ta cikin wannan lissafi.

Bari in ba ki lissafin duniya a gurguje, tunda za ki buƙace shi a jawabin buɗe taro. Kusan kashi 97.5 cikin ɗari na ruwan duniya na gishiri ne. Daga kashi 2.5 da ya rage, fiye da biyu bisa uku daskare yake a ƙanƙara, kusan kashi 30 cikin ɗari yana ƙarƙashin ƙasa, koguna da tafkuna kuwa ɗan abin da ya saura ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 22 ga Maris aka fara bikin a 1993. A 2010 ta amince cewa ruwan sha mai tsafta haƙƙi ne na ɗan Adam, a 2015 kuma ta sa shi ya zama na shida cikin muradu 17 da ake son cimmawa kafin 2030. Duk da haka, a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a gidajensu. Ki gaya wa ɗalibanki cewa da yawansu suna cikin wannan adadi, don haka ranar tasu ce kafin ta zama ta kowa.

Amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Wata rana a fadamar Wurno na tambayi wani dattijo mai noman albasa yadda rijiyarsa take, ya ce mini: "Ruwa na nan, Injiniya, sai dai sun yi nisa." Kin san a bakinmu na Sakkwatawa ruwa jam'i ne, "ruwa sun zo", "ruwa sun ɗauke". Na daɗe ina ganin wannan ya fi kusa da gaskiyar lamarin, domin ruwanmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na sama, akwai na gulbi, akwai na ƙasa na kusa, akwai na can ƙasa mai zurfi, kuma kowanne da halinsa da irin cutarsa.

Na sama shi ne uwa. Sakkwato na samun kimanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Rana da iska kuwa suna iya ɗauke sama da milimita 2,000 daga kan buɗaɗɗen ruwa, wato tafkin da ba a taɓa ba ma zai iya rasa zurfin mita biyu a shekara. Sama ta ba mu ɗaya, tana iya karɓe uku. Sai dai kada ki raina milimita 600. A kan hekta ɗaya lita miliyan shida ke nan. A kan rufin kwano mai tsawon mita goma da faɗin mita goma, lita 60,000 ne, ko an cire abin da ya zube ana iya tara kusan jarka 2,000. Duk tambayar ita ce: ɗigon da ya faɗo, nutsewa ya yi ko gudu? In ya faɗa gonar da ke da itatuwa da karare da ciyawa, sai ya tsaya ya shiga ƙasa, ya sauka a hankali zuwa rijiya. In ya faɗa kan faƙon da aka sare aka share, sai ya kwasa da gudu, ya tafi da ƙasar noma, ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashi ya jibge a gulbi. Ambaliyar Agusta da ƙafewar rijiya a Afrilu 'yan uwa ɗaya ne, ruwa guda ne da ba mu riƙe ba.

Babu inda ake ganin wannan ƙarara kamar Goronyo, kuma ina so ki daɗe a kansa da yaranki, domin ruwan famfon birnin nan da shi ya dogara. An kammala madatsar a 1984 a kan Gulbin Rima, an gina ta ta riƙe kubik mita miliyan 942. Kubik mita ɗaya jarka 40 ce, ki bar ɗalibai su yi lissafin a allo. A Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ya mamaye ƙauyuka da gonaki, dubun-dubatar mutane suka rasa muhalli, hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke. Shekara takwas ba su cika ba, a Maris ɗin 2018, mahukunta suka fito suka ce abin da ya rage a madatsar bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. Dalilan da aka bayar su ne ƙarancin ruwan sama a daminar 2017 da yashi da laka da suka taru a cikinta. Na je na gani a lokacin. Inda masunta ke tuƙa jirgi ya zama tsattsagaggen fili, kana tafiya a ƙafa kana ganin ruwa can nesa kamar kududdufi. Madatsa ɗaya ce, gulbi ɗaya, a shekara takwas ta nuna mana fuska biyu.

Lakar nan daga ina ta zo? Daga gonaki da dazuzzukan Zamfara da Katsina da Maraɗi, ta hanyar kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Kowace mota da kika gani ta shigo gari da itacen girki ko buhunan gawayi tana da alaƙa da zurfin Goronyo. Yashe madatsa aiki ne mai tsadar gaske, kuma in an yashe ba a gyara tudu ba, za ta sake cika. Wannan shi ne abu na farko da nake so yaro ya fita da shi daga taronki: famfon gidansu a daji ya fara.

Sai tambayar wa ke shan ruwan. A duniya baki ɗaya, noma ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna da rijiyoyi. Hekta ɗaya ta shinkafar rani a irin zafinmu tana iya shan lita miliyan goma ko fiye kafin a yanke ta. In kika raba wannan da lita 50 a yini, ruwan mutum sama da 500 ne na shekara guda. Ban faɗi haka don a zargi manomi ba. Albasar Gada da Kware da tafarnuwar Goronyo da shinkafar Wurno su ke riƙe da gidaje, su ke hana samari tafiya cin rani. Na faɗa ne don ki san inda tattali ke da nauyi. Manomin da ya rage kashi ɗaya bisa biyar na ruwan hektarsa ya ceci abin da unguwa guda ba za ta iya ceta da rage wanka ba.

Kuma ragewar mai yiwuwa ce ba tare da amfani ya ragu ba. Shinkafa ba ta buƙatar ta kwana cikin ruwa kullum. Akwai dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta yaɗa: a sami bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa, a kafa shi a fangali, a kwashe ƙasar cikinsa. Ba a sake ban-ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, in ban da lokacin fure, da ake barin ruwa a kwance. Wannan kaɗai na iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari, man inji ma ya ragu. Daidaita fangali yadda ruwa ba zai taru gefe ɗaya ba, ban-ruwa da yamma ko da sassafe, rufe gindin tumatir da tattasai da buntu ko ciyawa, toshe ɓarakar magudana, duk abubuwa ne da manomi ke karɓa da hannu biyu in ya ga maƙwabcinsa ya gwada ya ci riba.

Akwai abin da ke damuna a 'yan shekarun nan, shi ne injin sola. Alheri ne babba, kuma ina murna da duk manomin da ya huta da sayen fetur. Sai dai a da tsadar mai ita ce linzami, manomi na kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu rana kyauta ce, sai ka ga inji na aiki tun hantsi har la'asar, ruwa na malala a hanya. Na taɓa tarar da wata rijiyar burtsatse ta sola a wani ƙauye, tankinta na ambaliya kullum har wurin ya zama fadama, shanu sun dagula shi, sauro ya samu gida. Abin da ya rasa ɗan makunnin da ke kashe famfo in tanki ya cika ne, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. Wanda ya gina ya tafi, ba a bar wa kowa amanar wurin ba.

Kafin in bar gulbi, ki ba su labarin Bakalori, ko da a taƙaice. An kammala madatsar a 1978 kusa da Talatar Mafara a kan Gulbin Sakkwato, tana riƙe kubik mita miliyan 450. Manoman da aka tasa daga gonakinsu suka yi zanga-zanga kan diyya, a 1980 aka murƙushe su, rayuka da yawa suka salwanta. Mutanen ƙasa da madatsar kuma suka ga ambaliyar da ke shayar da fadamarsu kowace damina ta ragu, inda ake shinkafa ya koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Ba a ƙirƙirar ruwa da kankare, ana dai canja wanda zai samu da lokacin da zai samu. Duk aikin ruwan da ba a zauna da na sama da na ƙasa ba, da manomi da makiyayi da masunci, wani ne zai biya kuɗinsa da abincin 'ya'yansa.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, domin ba a ganinsa. Allah ya yi wa Sakkwato baiwar da Gusau ba ta da irinta. Gabashin Zamfara kan dutse yake zaune, rijiya sai an dace da tsaga. Mu kuwa muna kan wani babban kwano na yashi da laka da farar ƙasa, hawa-hawa, wanda masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu: Gundumi, Taloka, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Ruwan yashin fadama, wanda ake samu da ɗan bututu a zurfin mita kaɗan, gulbi da damina ke mayar da shi kowace shekara. Na farar ƙasar Kalambaina shi ke ciyar da rijiyoyi da yawa da idanun ruwa irin na tafkin Kware, yana kusa, saboda haka ƙazanta na saurin kai masa. Na can ƙasa kuwa, irin na hawan Gwandu da laka ta rufe, binciken da aka yi ya nuna wani sashensa ya shafe dubban shekaru a wurin, tun zamanin da ƙasar nan ta fi haka damshi. A yammacin kwarin, wajen Argungu da Birnin Kebbi, an haƙa rijiyoyin da ruwa ke bulbulowa da kansa ba inji, wasu aka bar su suna zuba dare da rana. Irin wannan ruwa gado ne. Abin da aka ɗiba ba zai dawo a zamanin jikokinmu ba.

Ki duba unguwarku. Duk wanda ya sami hali sai ya kira masu haƙa, kuma ba na ganin laifinsa, tunda famfo ba ya zuwa. Amma kowane bohol in yana zuƙa, ruwan ƙasa na lotsawa kewaye da shi kamar mazurari. In goma suka jeru a layi ɗaya, mazuraran sai su haɗe, rijiyar guga ta gidan mai ƙaramin ƙarfi ita ce ta farkon ƙafewa. Sai ya koma sayen ruwan da a da yake ja kyauta, daga hannun wanda ya janye masa shi. Maganin dindindin shi ne ruwan gwamnati ya wadata, a gyara fasassun bututai, a san yawan bohol da ke gari da zurfin kowanne, a ware rijiyoyin awo da ake dubawa kowane wata. Wannan haƙƙi ne da yaranki ya kamata su san ana tambayarsa, cikin ladabi, a rubuce, daga kansila har majalisar jiha.

Ruwan da aka ɓata da ƙazanta shi ma asara ne, ko yana nan cike da rijiya. Shadda kusa da rijiya, kwatar da ke kwance a bakin bohol, ruwan marina da majema, bola da ledar fiyawata da ke toshe magudana, duk ƙasa suke komawa. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin shadda da rijiya, shaddar kuma ta kasance ta gangare. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka ji jiki. A nan yara na da aikin yi na gaske: rufe randa, ware moɗa ɗaya ta ɗiba, wanke jarka, kada guga ya kwana a ƙasa.

Kin tambaya ko abin da duniya ke yi ya shafe mu. Ki kai su gaban taswira. Gulbin Maraɗi a Katsina ya taso, ya shiga Nijar, ya dawo ya faɗa Rima a jiharmu. Ƙoramar Majiya daga ƙasar Adar take gangarowa ta wuce Ƙwanni ta ƙare a tafkin Kalmalo na Illela, kuma tsofaffin Illela za su gaya miki yadda tafkin ya ja baya bayan fari da madatsun da aka gina a sama. Rima ta haɗu da Gulbin Sakkwato nan kusa da gari, su bi ta Argungu su zuba a Kwara, kogin da ƙasashe tara ke da hukuma ɗaya a kansa a Yamai. Kwanon ruwan ƙasa da na ambata ya miƙe har Nijar da Mali. Shi ya sa a 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, ciki har da Majiya da Gulbin Maraɗi. Ko lokacin da aka rufe iyaka a 2023, ruwa bai daina ƙetarawa ba, a sama da ƙasa. Ga kuma ɗumamar yanayi, wadda hayaƙin manyan ƙasashe ya fi jawowa, mu kuma muke karɓar zafinta da rikicewar damina. Muna buƙatar duniya ta ji mu, kamar yadda take so mu ji ta.

To, wayar da kai tana aiki kuwa? Tana yi, na gani da idona. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Cutar ba ta da allura ba ta da magani. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe ta, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, da mutanen ƙauye masu bi gida-gida, Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna zagayawa suna tuna wa shugabanni. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da ita. A 2018 birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa rufe famfo baki ɗaya, aka ƙayyade lita 50 ga kowa, ana sanar da jama'a matakin madatsu kowane mako, har suka rage shan ruwa da kusan rabi. Mafi kusa da mu, manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar. A ƙasar Tawa kuma da tassa da rabin-wata, ramukan da ke tare ruwan sama, aka mayar da faƙo gona. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu bushewa.

Ki lura da abin da ya haɗa waɗannan. A kowanne an ba mutum aiki ɗaya da zai iya yi da hannunsa, an ba shi adadin da zai duba, ya kuma ga sakamako a gidansa ko gonarsa. Taron da aka yi jawabi aka raba riguna aka watse, na halarci irinsa ba adadi, ban taɓa ganin ya ƙara wa rijiya ko ɗigo ɗaya ba.

Kuma kada ki bari yara su ɗauka wannan karatu baƙo ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita guda ba, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu. Ya hana fitsari a ruwan da ke kwance. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarna da shi kuwa wuce iyaka ne da bidi'a. Ayar ƙarshe ta Suratul Mulk tana tambaya: in ruwanku ya wayi gari ya ƙafe can ƙasa, wa zai zo muku da ruwa mai gudana? Duk lokacin da na saka igiyar awo a rijiya na ga ta wuce alamar bara, ayar nan ke faɗo mini. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a watan Maris ta fi allon talla ɗari isa ga mutanenmu, don haka ki gayyaci limamin unguwa. Ki gayyaci ɗan ga-ruwa ɗaya da manomin rani ɗaya su ma su yi magana, sun san abin da ba ya cikin takardunki.

Ranar taron kanta, gani ya kori ji. Ki sa ɗalibi ɗaya ya yi alwala da buta, wani a bakin famfo a buɗe, a tara ruwan kowanne a bokiti a auna a gaban kowa. Ki sa kofi ƙarƙashin famfon da ke ɗiga na minti goma, su lissafa na yini, su lissafa na zangon karatu, sannan a gyara famfon a ranar. Ruwan alwalar masallacin makaranta a yi masa 'yar hanya zuwa gindin itatuwa biyu ko uku, dogon yaro ko zogale, kowane aji da nasa. In akwai hali, a sa wa rufin aji ɗaya indararo da tanki kafin Yuni, a riƙa zubar da ruwan farko mai ƙura, a rufe tankin saboda sauro.

Amma abin da na fi so ki fara, wanda zai rayu bayan an kwashe kujeru, shi ne littafin awo. Ki nemi rijiyar guga a makaranta ko maƙwabta. A yi alama ɗaya da fenti a bakinta. Ranar ɗaya ga kowane wata, da sassafe kafin a fara ja, a saka igiya mai ɗan ƙarfe a baki har ta taɓa ruwa, a auna daga alamar, a rubuta kwanan wata da zurfi. A tsakar fili kuma a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, nesa da bango da itace, bayan kowane ruwa a auna da rula a zubar. Milimita ɗaya a gwangwani lita ɗaya ce a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Cikin shekara guda yaranki za su ga da idonsu tsawon lokacin da ruwan Agusta ke ɗauka kafin ya isa rijiya. In kika sami malamai a Illela da Goronyo da Tambuwal suka yi irin haka kuna musayar awo ta WhatsApp, cikin shekara biyar za ku riƙe shaidar da za a iya ajiyewa gaban kwamishina, ko a kai taron duniya a ce ga abin da rijiyoyin Sakkwato ke faɗa. Mu da muka yi aikin nan, rashin irin wannan awo mai ɗorewa ya sha ɗaure mana hannu.

In kin tara na wata uku ki aiko mini, zan taya ki karanta shi. Ki dai kula, Malama, kada a bar yara su leƙa rijiya su kaɗai. Babba ya riƙe igiya, su kuma su karanta awo su rubuta.